Aikin Dare a Ulanbatar

Ƙarfe huɗu na asuba.
Sanyi ya kai inda tofi kan daskare
kafin ya taɓa ƙasa.
Na leƙa ta tagar ɗakin yara:
duwatsu sun yi wa garin zobe,
hayaƙi ya kife a kansa
kamar marfi a bakin tukunya.
Mu ne a cikin tukunyar.

Gado goma sha biyu gare mu,
yara goma sha tara.
Ragowar suna kan cinyar iyaye a baranda,
ledar ƙarin ruwa rataye
a ƙusar da aka kafa don kalanda.

Yesui ce a gadon ƙarshe.
Watanta bakwai a duniya.
Ina ƙirga numfashinta da agogon hannuna,
sittin da takwas a minti guda,
fatar haƙarƙarinta na lotsawa ciki, na dawowa.
In na kara abin sauraro a bayanta
sai in ji taku a kan dusar ƙanƙara,
ƙaras, ƙaras,
kamar wani na zagaye huhunta da takalmi.

Ubanta Sodnom ya tuɓe hula yana murzawa.
Ya ce, "'Yar'uwa, ina na yi kuskure?
Kowace kafa ta tantinmu na toshe da ulu.
Ko sau ɗaya ban bar wuta ta mutu ba."
Na buɗe baki,
na mayar na rufe.
Na ce ya je ya sha shayi.

Bai je ba.
Ya ba ni labarin da ban tambaya ba:
tumaki ɗari uku da sanyin bara waccan
ya kwantar masa a mako ɗaya,
yadda ya naɗe tanti, ya ɗora a bayan mota,
ya zo ya kafa a gangaren arewa
tsakanin dubban bututun murhu.
"A can," in ji shi, "kana hango mahayi
tun yana da tafiyar yini.
Nan shingen maƙwabcina ma
sai rana ta ɗaga."

Ƙarfe takwas na miƙa aiki.
Yesui ta sauko zuwa sittin da ɗaya.
Na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi,
kamar layin zai riƙe ta.

A waje motoci na tafe da fitila a kunne,
rana jajir kamar ƙwai a cikin toka,
ana iya kallonta ido da ido.
Harshena ya ɗauki ɗanɗanon ashana.
Takunkumin da na ɗaura fari
ya yi baƙin zagaye daidai bakina
kafin bas ta ƙetare kogin Tuul.
Ba mai magana a ciki.
Wannan ya yi tari, wancan ya amsa.

Ni ma a gangare nake.
Na tura ƙofa.
Ruwan bokiti ya zama dutse,
murhu ya huce tun tsakar dare,
uwata Dulmaa a ƙarƙashin bargo uku,
hanci kaɗai a waje.
Ta ce, "Kin dawo?"
Tari ya cinye sauran.

Na durƙusa.
Da hannun nan da ya gyara robar iska
a hancin Yesui
na fasa kwal, na jera, na ƙyasta ashana.
Na hura.
Na sake hurawa har ta kama.
Ɗumi ya fara rarrafe zuwa ƙafafun tsohuwa,
ta yi ajiyar zuciya, ta sa mini albarka.

Na fita zubar da toka.
Ban yi niyyar ɗaga kai ba.
Bututunmu ya soma aiki,
hayaƙin bai hau sama ba,
ya sunkuya, ya bi gangare a hankali,
ya nufi ƙasan kwari
inda asibiti yake.